Yadda Na Koya wa Mazan Doha Takun Mata

Abin nan ya faru ne a sanyin da ya biyo bayan ƙwallon duniya da aka buga a Doha, ko tutocin ƙasashe ba a gama saukewa daga tituna ba. A gida kuwa lokacin ne aka canza kuɗi, mutane suna wuni a ƙofar banki su koma hannu wofi. Babanku ya daɗe da rasuwa, mangwaron da ya dasa a bayan ɗaki daminarsa ta ƙarshe har ya fi rufin gida tsawo. Ni kuma na je Doha ne wankan jegon Rifkatu, autata, da ta haifi na ukunta. Ban yi boko ba, ba na riƙe lambar shekara, amma na san abin da ya riga wani zuwa. Ina faɗa ana rubutawa, domin na ji yadda kuke ba da labarin nan in kun taru Kirsimeti, wai ranar rawar Doha aka gane Mama ta fara ruɗewa. Ba haka aka yi ba. Ku zauna ku ji.

Gidan su Rifkatu a unguwar Mirkab yake, can sama, sai an shiga lif. Ita nas ce, mijinta Bulus kuma yana gyaran injinan asibiti, kullum ɗaya na shigowa ɗaya na fita. Na yi mata wanka, na dama mata kunun kanwa, na riƙe jariri har aka yi arba'in ta koma aiki, aka ƙara mini biza. Duk wannan ba wanda ya ce kaina da wani abu. Sai ranar da Bulus ya ɗauke ni zuwa kasuwa a jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Mushairib za mu canza wani. Wurin nan hanya ce bisa hanya a cikin rami, ba rana, ba bishiya, kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Na tsaya gyara ɗankwali, na ɗago, na bi wani mai farar riga ina zaton surukina ne. Jirgi ya rufe da ni ya tafi. Wata 'yar Filifin ce ta ga ina zare ido, ta kira lambar da aka rataya mini a jaka. Ko mai digiri aka jefa a ramin nan ranar farko sai ya ɓata. Bayan wannan kuma na bar tukunya a kan wuta har miya ta kama. Murhun nasu ba shi da harshen wuta, baƙin gilashi ne shimfiɗe, ta ina mutum zai san yana ci? Shi ke nan fa laifina.

Wata yamma ina goye da jariri a baranda, ƙofar kicin a buɗe. Rifkatu ta ajiye waya a kan kanta tana yanka albasa, muryar babbanku na Abuja tana fitowa sarai.

"Ni dai ban ce ta ruɗe ba, Yaya. Na ce a sa ido."

"A sa ido daga ina? Ke kina Doha, ni ina Abuja, ita kaɗai a Kafanchan da tukunyar gas. In ta dawo ta sauka wurina. Ɗakin sama yana nan. Gidan kuma a zuba 'yan haya."

"Ka san ba za ta yarda ba."

"Ba tambayarta za a yi ba. Ke ce nas, ki duba ta da kyau kafin a yanki tikiti. Abin da kika ce shi za a yi."

Na tsaya cik, yaro na barci a bayana. Gidan da na ɗauki bulonsa a kaina. Gonar cittata, bencina a coci, maƙwabtan da in na yi tari da safe sai wani ya leƙo ta katanga. Ɗakin saman nan na Abuja kuwa na san shi, tagarsa bango take kallo, ba wanda za ka gaisa da shi sai maigadi. Ban ce musu na ji ba. Amma daga ranar na fara gane tambayoyin Rifkatu. Sai ta shigo daga diyuti, tana cire takalmi, ta ce, "Mama, yau wace rana ma?" Ko kuma, "Me muka ci jiya da dare? Na manta." Yarinyar da ba ta taɓa manta abin da ta ci ba tun tana goye. Ina amsawa daidai, amma kafin in amsa sai in ji gabana ya faɗi. Har na koma kowace safiya kafin in sauko daga gado sai na jero sunayenku da na jikoki, daga babba zuwa ƙarami, in ji ko akwai wanda ya zube.

Ana cikin haka Injiniya Sani ya zo ganin jariri. Abokin Bulus ne, su biyun 'ya'yan bariki ne, a layi ɗaya iyayensu suka zauna. Ya ce 'yan Arewa da ke Doha, Kirista da Musulmi, za su yi taron kwana biyu, Juma'a da Asabar, don tuna iyayensu da suka yi yaƙin basasa. Za a sa kaki, a ci abincin bariki, a sa kiɗan da. Abu ɗaya suka rasa, wanda zai koya musu rawar biyu-biyu ta wancan zamani, wadda Turawa suka bari sojoji suka zuba mata kiɗan hailaif.

"Ga gwana a zaune," in ji Bulus. "Mama ta yi rawar nan tun daga farkon yaƙi har ƙarshensa."

"Yaƙin ne za ku yi wa biki?" na ce. "Kun san warinsa kuwa?"

"Ba yaƙin ba, Mama," in ji Injiniya. "Iyayenmu. Nawa ya rasu ban taɓa ganin ya yi dariya ba, amma an ce gwanin rawa ne. Ina so in san me ƙafarsa ta sani."

Maganarsa ta shige ni, amma ba ita ta sa na yarda ba. Rifkatu na gani a bakin ƙofa tana kallona da idon aiki. Na ce a raina, matar da ta ruɗe ba ta koya wa likitoci da injiniyoyi rawa. In na tsayar da su a gaban jama'a suka taka daidai, sai in ga bakin da zai ce a kai ni ɗakin sama.

Rawar nan a barikin Kaduna na koya, ina amarya, Babanku ya tafi bakin daga. Ranar Asabar da yamma jirgin ƙasa ke isowa daga Kudu, da masu rauni, da labarin waɗanda ba za su dawo ba. Tun da safe mata ke tsayuwa a bakin get cikin rana, ba ci ba sha, har wata mai ciki ta faɗi. Sai Magajiya, shugabar matan bariki, matar sajan-manjo, ta ce an daina. Ita ta yi aiki a gidan hafsoshin Turawa, a can ta ga rawar. Ta kora mu ɗakin taro, ta kawo garmaho da faifai, ta ja ƙofa. Taka, taka, haɗa. Taka, taka, haɗa. Wadda ta tsaya kuka sai ta ji mafici a baya.

A Doha, matar Injiniya, Hajiya Binta, likita ce, ita ta tsara yadda za a yi. Ta ce ranar taro kowa da matarsa zai taka, amma wurin koyo mata daban, maza daban. Na ce daidai ne. Na kuma ƙara musu da tawa doka, kada wanda ya gwada da matarsa a gida, kada su ɓata mini taku da nasu shirmen. Mata muna haɗuwa a falon Hajiya, wasu da rigar asibiti a jikinsu. In kama mace, hannuna na dama a bayanta, nata na hagu a kafaɗata, in taka gaba, ita ta ja baya. Mata ba su ba ni wahala ba. Maza kuwa a gidanmu, ranar Juma'a, don ita ce ranar hutu da ibada a can, bayan waɗannan sun taso daga coci a Misaimir, waɗancan sun sauko daga masallaci. A matsar da kujeru, Injiniya ya sa kiɗan a waya, in kama su ɗaya bayan ɗaya, tunda duk na haife su. Bulus kaɗai ban taɓa ba, suruki ne. Shi yana gefe yana kwaikwayo da sandar goge ɗaki.

"Injiniya, wannan ƙafa ce ko tayar tirela? Ja ta baya, ta dama!"

"Mama, a hankali, jiya na kwana a wurin aiki."

"Ubanka a ramin yaƙi ya kwana, ya taka."

Akwai wani malamin jami'a mai tumbi, shi ne ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Mama, a yi haƙuri. Ni a fim na ga kamar namiji ne ke sa hannu a bayan mace."

"Fim ne ya ga yaƙin ko ni?"

"Kalas, Mama ta gama magana," in ji Bulus da ɗan Larabcinsa na Doha. "Yalla, Furofesa, a sake."

Aka yi dariya, aka wuce. Da na saurari mutumin nan da ban sha abin da na sha ba. Amma a lokacin duk wanda ya ce mini na yi kuskure, ɗakin sama nake ji ya ce.

Juma'ar taro ta zo. Sun kama ɗaki a wani otal, sun jera buhunan yashi a bakin ƙofa, sun manna hotunan iyayensu a bango, samari sirara cikin kaki, da yawa ba su kai jikokina na yanzu ba. Yara na yawo da hular ƙarfe ta roba suna sara wa mutane. An dafa wake da garin rogo, an zuba shayi a kofin silba. Wuri sai ƙamshin turare da sanyin inji. Rawa sai Asabar, amma aka ce a gwada yau a haɗe, karo na farko, jama'a na zaune suna ci. Na tsaya a gaba da sabon zanena. Na ce kowa ya kama matarsa.

Tun a nan na ga abu. Miji ya ɗora hannun hagu a kafaɗar mata, mata ta ɗora nata a tasa. Hannuwan dama kuma duk a sama, nan ɗaya can ɗaya, kowa na jiran a kama nasa. Kafin in buɗe baki kiɗa ya tashi. Na ce taka. Maza suka ja baya. Mata suka ja baya. Kowane miji da matarsa suka rabu kamar an zuba wuta a tsakaninsu. Furofesa ya bi ta kan buhun yashi ya zauna daɓas. Hajiya Binta ta bugi teburin shayi. Aka tsayar, aka sake, suka sake gudun juna. Ɗaki ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur.

"Injiniya, me ka yi wa Hajiya take gudunka?"

"Ai shi ma gudun yake! Wannan rawar saki ce!"

Ni ban yi dariya ba. Kaina ya yi fayau, na kasa gane abin da nake gani. Na san na koya musu daidai, ga shi kuma ba daidai ba. Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Rifkatu ce, ta ɗora yatsu biyu a jijiya tana kallon agogonta, a gaban mutane.

"Mama, kin sha maganin hawan jini yau?"

"A bar Mama ta huta," in ji Hajiya Binta a hankali. "Ta yi ƙoƙari."

Dariyar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ta yi ƙoƙarin ba. Muka shiga mota. Na ga Rifkatu tana juya waya a cinyarta, na san wa take so ta kira.

Da muka isa na shiga ɗaki na rufe. Rana tana faɗuwa a bayan dogayen benayen nan. Na jero sunayenku, duk suna nan. Na jero na jikoki. Amma wata zuciya tana ce mini, ai mai ruɗewa bai san ya ruɗe ba, haka kakata ta riƙa rantsuwa lafiyarta ƙalau tana zuba gishiri a kunu. Na ce wataƙila yaran nan sun fi ni gaskiya. Na zauna a bakin gado. Can na miƙe, na ce bari in ga ko ƙafar ma ta manta. Na yi kiɗan da baki. Ƙafar hagu ta tafi gaba da kanta. Hannun dama ya zagaya bayan wadda ba ta nan, ƙasa-ƙasa, daidai tsawon gajeruwar mace. Na tsaya ina kallon hannun nan nawa. Ashe!

Na fito na sami Rifkatu a kicin, ba ta kira ba tukuna.

"Ajiye wayar nan ki zo. Kama ni yadda na koya miki." Ta kama, muka taka. "Wa ke tura wani?"

"Ke."

"Da na kama Injiniya fa, wa ke turawa?"

"Ke."

"To ni ce namijin. A ɗakin Magajiya babu namiji ko ɗaya, duk suna bakin daga. Dogaye su ne maza, gajeru mata. Ni kuwa na fi kowa tsawo. Duk wanda na kama, mace yake zama."

"Baba fa? Ba ku taɓa yi tare ba?"

"Ya tafi ban koya ba, ya dawo da ƙarfe a ƙugu. Ko sau ɗaya."

Ta yi dariya har ta dafa firji, hawaye na zuba. Sai kuma ta tsaya, ta share ido, muryar aiki ta dawo.

"Amma Mama, makonni kina koya musu. Ba ki lura ba?"

"Ban lura ba. Abin da ban taɓa yi ba ne, ba abin da na manta ba. Gobe ki zo ki tsaya ki gani, sa'annan ki kira wanda za ki kira."

Asabar da safe na tara mazan a ɗakin otal kafin jama'a su zo. Na faɗa musu abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Furofesa ya ce, "Ashe fim ɗin ma ya ga yaƙi." Na ce ya ci wannan, kada ya saba. Na juya musu baya na tsaya a gabansu, na ce duk abin da ƙafata ta yi, taku ta yi. Wannan bai yi wuya ba, takuna ne na kullum. Wuyar ta zo da aka ce a gwada da mace, matan kuma ba su iso ba sai Rifkatu, ita ma ta kama mijinta. Dole na ba Injiniya bayana. Ku ji fa, tunda nake ban taɓa jefa ƙafa inda idona bai gani ba. Ga tayil mai santsi, ga gwiwa ta tsufa. In na faɗi a nan na karya ƙugu, ba ma sai an yi gardamar Abuja ba.

"Mama, ki saki jiki, ture ni kike yi."

"Kai ne ba ka da ƙarfi."

"Ki bar ni in kai ki. Ba zan yar da ke ba."

Na rufe baki na ja ƙafar dama baya. Ƙasa tana nan. Na sake ja. Zufa ta jiƙa mini riga cikin sanyin nan, amma muka zagaya ɗaki muka dawo, ban faɗi ba. A ranar na san abin da gajerun matan nan suka yi ta haƙuri da shi a hannuna.

Da yamma ɗaki ya cika. Kafin rawa suka miƙo mini abin magana, wai in faɗi yadda aka yi a da. Na faɗa musu jirgin Asabar, da garmaho, da maficin Magajiya. Na ce in ɗan aike ya zo bakin ƙofa ba a tsayar da kiɗa. Magajiya ce za ta je ta ji, ta dawo ta ratsa cikin masu rawa, ta dafa kafaɗar wadda abin ya shafa, ta fita da ita. Sauran mu ci gaba da takawa, ba mai kallon wata. Na ce ni abokiyar rawata ɗaya ce tun farko, wata 'yar gajeruwa daga Biyu, mijinta direban motar soja ne. Wata Asabar, yaƙi ya kusa ƙarewa, na hango Magajiya ta nufo mu. Kafaɗa biyu ce a gabanta, tawa da tata. Na ci gaba da juya yarinyar nan don kada ta gani, ina roƙon Allah abin da ba zan iya faɗa a coci ba. Hannun ya sauka a kanta.

Kowa ya zuba mini ido. Na buɗe baki in faɗi sunanta, don a sa ta cikin addu'a tare da na bango. Babu. Ina ganin fuskarta, da wushiryarta, ina jin ƙamshin man da take shafawa, amma inda sunan yake zama wuri ne fayau. Na ce, "Ƙawata." Na ce, "Allah ya tuna da ƙawata." Suka ce amin. Ba wanda ya ga komai.

Aka sa kiɗa. Maza suka taka gaba, mata suka ja baya. Ba zan ce sun yi kyau ba, Furofesa ya taka matarsa har ta rama, amma rawa ce, ba gudu ba. Na ga Injiniya yana juya Hajiya a ƙarƙashin hoton ubansa, fuskarsa jiƙe. Aka yi ta tafi, aka yafa mini mayafi. A mota Rifkatu ta kira Abuja a gabana.

"Yaya, Mama ta fi ni da kai hankali. Ta gano kuskurenta da kanta, ta gyara shi a safiya ɗaya. Kafanchan za ta."

Na ci. Abin da na shiga rawar dominsa ke nan, ga shi a hannuna. Amma ina zaune a bayan mota ina laluben suna. Na ce gajiya ce, gobe zai zo. Gobe bai zo ba. Na bi sunayen matan layinmu ɗaki-ɗaki, na zo ƙofarta na tsaya. Na gwada cikin addu'a, inda bakina ya saba faɗarsa tun kafin a haifi babbanku, bakin ya zo wurin ya yi tsalle. Aka yanki tikiti. Kowa na murna, ni ina kallon jakata ina lissafi. In na yi shiru, zan koma gidana ba mai sa mini ido. Amma yau suna ne. Ranar da zai zama hanyar gida, ko fuskar ɗayanku, ba wanda zai zauna ya yi shawara da ni. Ɗaukata za a yi kamar buhu.

Muna ninke zannuwa ni da Rifkatu na ce mata ta zauna.

"Ranar nan da na ce ƙawata, kin san dalili?"

"Ai ƙawarki ce."

"Sunan ne babu. Har yau babu."

"Haba Mama, kowa yana manta suna. Ni ma..."

"Kada ki yi mini muryar asibiti. Na san wanda ake mantawa, na san wanda ba a mantawa. Ki kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa kafin in tafi. Amma ki riƙe wannan, ba kama ni kika yi ba. Rawa ba ta kama ni ba, jirgin rami bai kama ni ba. Da bakina na faɗa. In kin kira Abuja da wannan za ki fara."

Ta sa fuska a cikin zanen da ke hannunta ta yi kuka. Na bar ta ta gama.

Likitan ya yi tambayoyinsa, aka sa kaina a cikin inji. Ya ce abin ya fara, kaɗan ne, kuma a hankali yake tafiya. Babbanku ya ce to magana ta ƙare, Abuja. Na karɓi wayar da kaina. Na ce matar da ta kawo ƙarar kanta tana da bakin magana, a saurare ni. Muka yi ta ja har muka tsaya a nan: zan koma Kafanchan. An ɗauke tukunyar gas. Laraba, 'yar ƙanena da mijinta ya rasu, ta tare a ɗakin Babanku, makullin gida ɗaya a hannunta. Ba na zuwa gona ni kaɗai. Ranar da na fito daga coci na rasa hanyar gida kuma, na ba da kalmata, zan hau mota zuwa ɗakin sama ba gardama. Babbanku ya yi damina guda yana gaishe ni a taƙaice. Ni ma ban ji daɗin wata mace tana tambayata ina za ni a cikin gidana ba, har yanzu ba na ji. Amma ni na yanka, ba a yanka mini ba. Haka za ku faɗa wa 'ya'yanku.

Mutanen Doha duk suna nan da ransu, suna aiko gaisuwa ta bakin Bulus. Na ɗakin Magajiya ne suka ƙare. Ita kanta ta rasu ba a daɗe da gama yaƙi ba, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Cikin dogaye saura ni da Asabe matar mai busa bigila, tana Zuru, idonta ya tafi, kunnen ma sai an yi ihu. Cikin gajeru akwai Maryamu a Numan wurin ɗanta, an ce ba ta gane kowa. Ta Biyu kuwa ban sani ba ko tana raye, don ba a cigiyar mutum ba suna. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, bahaguwa, ta bar bariki da 'ya mace a goye. In aiki ya kai ɗayanku wajen, ku tambayi tsofaffin coci matar direban soja da ta zauna a Kaduna. In kun same ta, kada ku ce mata na manta. Ku gaishe ta, ku tambayi sunanta kamar ku ne ba ku sani ba, ku zo ku faɗa mini tun ina gane ku.